Wane wata ya dace a tafi? Muhawara kan shirin zuwa biranen yankin zafi

Malam Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa kwanan nan, shi ya sa na ga gara mu zauna mu warware ta gaba ɗaya. Mutum zai ga tikiti mai sauƙi zuwa Kuala Lumpur ko Bankok ko Mumbai ko Zanzibar, ya yi maza ya biya, sai bayan nan ya zo yana tambayar yadda garin yake a watan da ya zaɓa, alhali aikin gama ya gama. To masu sani a cikinmu, ku taimaka. Wanda zai je birni a yankin zafi, ta ina zai fara, wane lokaci ya dace, kuma me zai yi ya je lafiya ya dawo lafiya?

Injiniya Bashir:
Wa'alaikumussalam. Malam, ai araha ba ta ado. Idan ka ga tikiti da otal sun faɗi warwas a wani wata, akwai dalili, kuma yawanci dalilin ruwan sama ne.

Abin da za a fara ganewa shi ne, a garuruwan da ke kusa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, zafi ba ya canzawa sosai tsakanin wata da wata. Singafo misali, daga Janairu har Disamba rana tana kai digiri 31 zuwa 32, dare kuma 24 zuwa 25. Saboda haka wanda ya duba ma'aunin zafi kaɗai bai duba komai ba. Abin dubawa biyu ne: yawan ruwan da ake samu a kowane wata da milimita, da yawan ranakun da ake ruwan. Hukumar kula da yanayi ta kowace ƙasa tana da wannan jadawali, kuma na garin da za ka za ka nema, ba na ƙasar baki ɗaya ba.

Na ce na gari saboda ƙasa ɗaya takan zama tana da damina biyu da ba su haɗu ba. Mumbai daminarta Yuni zuwa Satumba ce, amma Chennai da ke gabashin Indiyar ruwanta mai ƙarfi Oktoba zuwa Disamba yake zuwa. A Tailan, Phuket tana jiƙewa daga Mayu zuwa Oktoba, amma tsibirin Samui sai Oktoba zuwa Disamba ruwansa yake tsananta. Bankok kuwa damina Mayu zuwa Oktoba, Satumba ya fi kowane wata ruwa, Afrilu ya fi zafi, Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da garin yake da daɗin zama. Zanzibar da Darussalam da Mombasa damina biyu gare su a shekara: babbar daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar wajen Nuwamba da Disamba. A wasu garuruwan da ke kudu da tsakiyar duniya kuma lissafin ya juya: Jakarta ruwanta Nuwamba zuwa Maris, Riyo ta ƙasar Birazil Disamba zuwa Maris.

Hajiya Rabi:
Ni dai shawarata gajera ce. Kada a je da damina, shi ke nan. Mutum ya tara kuɗinsa, ya ɗauki hutun kwana 10, ya je ya ƙare a ɗakin otal yana leƙen ruwa ta taga? A ƙara kuɗin a je lokacin rani.

Malam Habu:
Hajiya, ranki ya daɗe, a nan zan ɗan saɓa miki. Ruwa suna ya tara. Akwai iri uku, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ruwan yamma. Rana za ta fito tas da safe, ƙasa ta ɗau zafi, wajen ƙarfe 2 gajimare ya fara taruwa, ƙarfe 3 ko 4 hadari ya haɗu a kece da ruwa da tsawa kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya ko biyu ya ɗauke, gari ya yi sanyi. Haka ruwan Kuala Lumpur yake a mafi yawan shekara, har a watannin da ya fi yawa, wato Maris da Afrilu, sai Oktoba zuwa Disamba. Wannan ba ya hana tafiya. In ma mutum ya ce sai ya jira watan da ba a ruwa a Kuala Lumpur ko Singafo, to ba zai taɓa zuwa ba, don babu wannan watan.

Na biyu ruwan iskar damina da ke tasowa daga teku, wanda zai kwana uku ko huɗu bai tsaya ba. Wannan ne na Mumbai a watan Yuli, inda ruwan wata ɗaya yakan haura milimita 800. Ranar 26 ga Yuli 2005 an auna milimita 944 a cikin awa 24 a garin, jiragen ƙasa suka tsaya, filin jirgi ya rufe, ɗaruruwan mutane suka rasu. Irin wannan ne ya sa masaukai a tsibiran gabashin Maleshiya suke rufewa ɗungurungum daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, don jiragen ruwa ba sa iya kai mutane. A nan maganarki gaskiya ce.

Na uku mahaukaciyar guguwar teku. Ita ce mai soke jirage da katse wuta da ruwan famfo na kwanaki.

Hajiya Rabi:
To na ji, Malam Habu. Amma wanda bai taɓa zuwa ba, ta yaya zai bambance na farko da na biyu daga jadawali?

Malam Habu:
Ya haɗa lambobin biyu da Injiniya ya ambata, sannan ya ƙara na uku, wato awoyin da rana take fitowa. Idan wata yana da ranakun ruwa 18 amma rana tana fitowa awa 6 a kullum, ruwan yamma ne. Idan ranakun ruwa sun kai 25 ko fiye, rana kuma ba ta wuce awa 2 ko 3, to rufewar sama ce, a kauce. Kuma watannin da suka fi daɗi ga mai son rage kuɗi su ne na gefe, wato makonni kaɗan kafin damina ta kankama ko bayan ta fara ja da baya. Sai dai a lura, ƙarshen damina ne ƙasa ta riga ta sha ta ƙoshi, koguna sun cika, shi ya sa ambaliyar Bankok ta 2011 ta yi tsanani a Oktoba da Nuwamba, lokacin da ruwan saman kansa ya fara sauƙi.

Injiniya Bashir:
Bari in cike maganar guguwa, don tana da kalanda sananniya. A tekun Atilantika da Karibiyan, inda Habana da Santo Domingo suke, lokacinta 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. Filifin takan ga guguwa kusan 20 a shekara suna shiga yankinta, Manila ta fi shan wahala daga Yuni zuwa Nuwamba. A kudu maso yammacin tekun Indiya kuma, wato Morishiyas da Madagaska da gaɓar Mozambik, daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Guguwar Idai da ta rusa birnin Beira a Maris 2019 ta zo. Garuruwan da suke dab da tsakiyar duniya kamar Singafo da Kuala Lumpur kusan ba sa ganinta, saboda juyawar duniya ba ta da ƙarfin murɗa iska a wurin.

Wanda dole ta sa shi tafiya a lokacin guguwa ya yi abu uku. Ya sayi tikitin da ake iya canza ranarsa. Ya kama otal da ake soke shi ba tare da asara ba. Ya yanki inshorar tafiya ranar da ya biya tikiti, kada ya bari sai an kusa. Dalili kuwa, da zarar an raɗa wa guguwa suna, kamfanonin inshora suna ɗaukarta a matsayin abin da aka riga aka sani, duk wanda ya saya bayan nan ba za su biya shi asarar da ta jawo ba.

Ummi:
Yaya Bashir, ban da ruwa akwai wani abu da ke ɓata lokaci?

Injiniya Bashir:
Akwai, ƙanwata. Hayaƙi. Idan aka ƙone dazuka da ƙasa mai tarin ruɓaɓɓen ganye a Sumatra da Kalimantan, iska takan kwaso hayaƙin ta lulluɓe Singafo da Kuala Lumpur, galibi tsakanin Agusta da Oktoba. Ba kowace shekara yake tsanani ba, ya fi muni a shekarun fari irin 2015 da 2019, har aka rufe makarantu a Maleshiya. Mai asma ko ciwon zuciya ya duba ma'aunin tsabtar iska kafin ya biya, ya kuma riƙe takunkumi samfurin N95, don na yadi ba ya tace wannan ƙurar. Bankok ma tana fama da gurɓatar iska daga Disamba zuwa wajen Maris, daidai lokacin da yanayinta ya fi daɗi.

Anti Zainab:
Ku ƙara da bukukuwa, don suna iya tsayar da gari cak ko su ninka kuɗin masauki. Bikin Songkran na Tailan 13 zuwa 15 ga Afrilu ne, ana watsa wa kowa ruwa a titi, waya da fasfo sai an sa su a leda mai zif, kuma haɗarin mota yana ƙaruwa sosai a makon. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, shaguna da yawa a Singafo da Kuala Lumpur suna rufewa kwana biyu ko fiye, abin da ɗan kasuwa ya kamata ya sani. Da ƙaramar Sallah miliyoyin mutane suna barin Jakarta zuwa garuruwansu, tikitin jirgi da na jirgin ƙasa sai wanda ya kama da wuri, kuma ranar tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka kada a dogara da lissafin bara. A tsibirin Bali na Indunusiya akwai ranar Nyepi, yawanci a Maris, da ake rufe filin jirgin sama awa 24, ba fita titi, baƙo ma yana cikin otal. Riyo kuma lokacin Kanibal, babban bikinsu na raye-raye a titi, a Fabrairu ko farkon Maris, masauki yana tsada ƙwarai, ga cunkoso ga 'yan sane.

Malam Sani:
Madalla. Likita, mun gama da sama, sauran jiki.

Dakta Aminu:
To Malam. Ni lissafina daga ranar tashi nake fara shi in dawo baya.

Mako 6 zuwa 4 kafin tafiya a ga likita. Ba don tsoro ba ne, alluran rigakafi ne suke buƙatar lokaci kafin su fara aiki. Ta taifod tana son mako 2. Ta ciwon hanta nau'in A ita ma gara a yi ta da wuri. A duba ko ta sarƙe-haƙora ta wuce shekara 10.

Babbar wadda take mayar da mutane daga filin jirgi ita ce ta cutar shawara. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda aka yi wa ranar 1 ga wata, katinsa sai ranar 11. Daga 11 ga Yuli 2016 kuma dokar lafiya ta duniya ta mayar da allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka tsohon kati yana nan da ƙarfinsa ko an rubuta shekara 10 a jikinsa. Indiya da Singafo da Maleshiya da Tailan duk suna neman katin daga wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar, kuma wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana 6 ko a hana shi shiga. Yada zango ma yana shiga lissafi: ƙasashe da dama suna neman katin idan ka yi fiye da awa 12 a filin jirgin ƙasar da ke da cutar, wasu ba sa ma jiran awa 12 ɗin. A duba sunan da ke kan katin ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, da hatimin cibiyar, da lambar kwalbar allurar. Jariri ƙasa da wata 9, mai ciki, mai raunin garkuwar jiki da wanda ya haura shekara 60 ba a yi musu kai tsaye, sai likita ya auna.

Hajiya Rabi:
Likita, maganin zazzaɓin cizon sauro fa? Ni a ganina duk mai zuwa ƙasar zafi ya sha kawai, rigakafi ya fi magani.

Dakta Aminu:
Hajiya, ba ko'ina ba. Cikin birnin Bankok da Kuala Lumpur da Singafo ba a kamuwa da maleriya, shan magani a can wahalar da hanta ce kawai. Darussalam da Zanzibar da Mombasa kuwa akwai ta, a nan ana sha. Kuma yadda ake sha ya fi sunan maganin muhimmanci. Atovaquone-proguanil ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin shiga, kullum ƙwaya ɗaya da abinci, a ci gaba kwana 7 bayan fitowa. Doxycycline shi ma kwana 1 ko 2 kafin shiga, miligiram 100 kullum, amma sai an yi mako 4 bayan dawowa. Yana sa fata saurin ƙonewa a rana, ana haɗiye shi da ruwa mai yawa kuma ba a kwanciya nan take, ba a ba mai ciki ko yaro ƙasa da shekara 8. Mefloquine sau ɗaya a mako, a fara mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, a ƙare mako 4 bayan dawowa, kuma ba a ba mai farfaɗiya ko mai tarihin ciwon damuwa. Inda aka fi yin kuskure shi ne a daina sha ranar da aka sauka gida. Ƙwayar cutar tana ɓoye a hanta kwanaki kafin ta fito cikin jini, wanda ya yanke magani da wuri ya bar mata ƙofa a buɗe.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne zazzaɓin denge, don shi ne ciwon birni, kuma ƙwayoyin da na lissafa ba sa taɓa shi ko kaɗan. Sauron da ke kawo shi baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman bayan fitowar rana da kuma gab da faɗuwarta. Yana ƙyanƙyasa a ruwa mai tsabta da ya kwanta a tukunyar fure, tsohuwar taya, ko tiren da ke ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Wato gidan sauro da dare bai isa ba. Yana ƙaruwa da damina da makonnin da ke bin ta, wannan ma ya shiga lissafin zaɓen wata.

Kariyarsa man shafawa mai ɗauke da DEET kashi 20 zuwa 30, ko picaridin kashi 20, a duk inda fata take a buɗe, har idon sawu da bayan gwiwar hannu, inda ya fi so. In za a shafa man kare rana, shi ake fara shafawa, a bari ya bushe kamar minti 15, sannan na sauro a kai. Zufa tana wanke shi, a sake bayan awa 4 zuwa 6.

Idan zazzaɓi ya zo da ciwon kai ta bayan ido da ciwon gaɓoɓi, a sha farasitamol kaɗai a tafi asibiti a gwada jini. Kada a kusanci asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara haɗarin zubar jini. Kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne kwana 1 zuwa 2 bayan zazzaɓin ya sauka, sa'ad da mutum yake zaton ya warke. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, kasala mai yawa: duk ɗaya daga cikinsu, a koma asibiti a daren.

Ummi:
Likita, ruwan sha da abinci fa? Kowa da abin da yake faɗa.

Dakta Aminu:
Ruwan famfon Singafo ana sha. A yawancin sauran garuruwan da muka ambata, ruwan gora wanda murfinsa bai taɓa buɗuwa ba, ko wanda aka tafasa minti ɗaya cur. Abinci kuma zafinsa ake dubawa, ba kyan wurin ba. Abin da aka soya ko aka dafa a gabanka yana tururi ya fi wanda aka jera tun safe a babban otal, don a zafin digiri 30 ƙwayoyin cuta suna ninkuwa a cikin shinkafa ko miya cikin 'yan awoyi. 'Ya'yan itace waɗanda za ka ɓare da hannunka. Ɗanyen ganye da ɗanyen kifi da kankarar da ba ka san ruwanta ba, a bar su.

In gudawa ta zo, ruwan jiki ne abin gudu. A riƙe fakitin gishiri da sukari na kemis guda 6 zuwa 10 a jaka. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin, yawansa yana cutarwa, musamman ga yara. Loperamide, maganin tsayar da gudawa, yana taimakon babba da zai hau jirgi, amma ba a sha idan akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi.

Sai cizon kare ko biri ko yaƙushin kyanwa, ko yaya ya ƙanƙanta. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ana duba agogo, sannan asibiti a ranar don allurar haukan kare. Birai a wuraren yawon buɗe ido kamar kogon Batu kusa da Kuala Lumpur suna fizgar leda daga hannun mutum, kada a riƙe abinci a fili kusa da su.

Malam Habu:
Akwai abin da mutane suke rainawa, wato zafi mai laima. Wani zai ce digiri 32 ai ba komai ba ne. Amma jiki da bushewar zufa yake huce kansa, in laimar iska ta kai kashi 80 zufar ba ta bushewa, sai dai ta yi ta tsiyaya, riga ta manne a baya, jiki kuma bai huce ba. Jiki yana ɗaukar mako 1 zuwa 2 kafin ya saba, mai kwana 10 kuwa kafin ya saba ya dawo. Shi ya sa tsarin yini ya fi komai.

A fita ƙarfe 7 na safe a yi duk abin da ke waje kafin 11. Daga 11 zuwa 3 a shiga inuwa, gidan tarihi ko kasuwa mai rufi ko a koma masauki. Lokacin ne hasken rana mai ƙuna yake kai maki 11 ko fiye a ma'auninsa, wato matakin da ya fi haɗari, ko da akwai gajimare. Daga 3 zuwa 5 a sa ran ruwa. Bayan ya ɗauke a sake fita. A kuma tuna duhu yana saurin rufawa a yankin nan, tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi minti 20 zuwa 25 ba. A Jakarta rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, a Kuala Lumpur wajen 7 ko ɗan bayanta, duk shekara. Kwana biyun farko kada a cika su da zirga-zirga.

Alamar ruwa ya ishi jiki ita ce fitsari fari-fari. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, a shiga inuwa a sha ruwa da ɗan gishiri. In mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, an wuce nan: a kwarara masa ruwan sanyi, a yi masa fifita, a kira motar asibiti.

Injiniya Bashir:
In ruwa ya kama mutum a waje, ƙa'idojin kaɗan ne amma rai suke ceta. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babba. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da manya. Abin da ya fi wannan muni shi ne abin da ba ka gani: ƙarfin ruwa yakan ture murfin lambatu, rami ya buɗe a tsakiyar titi ƙarƙashin ruwa mai launin ƙasa, ga kuma wayoyin wuta da suka faɗo. A hau wuri mai tudu a jira, yawanci cikin awa 2 ya janye. Kada a bari direba ya shiga hanyar da ta bi ta ƙarƙashin gada, can ruwa yake fara taruwa.

Tsawa kuma, a ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙararta, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In bai kai 30 ba a shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, ba gindin bishiya ba, ba rumfar bakin teku ba, a jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe.

Wajen zaɓen otal a buɗe taswira a ga ko yana bakin kogi ko a kwari, a nemi wanda bai wuce tafiyar minti 5 zuwa 10 a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ba. Ranar da aka yi ruwa a Bankok ko Jakarta, tafiyar minti 20 a mota tana komawa awa 2, jirgin ƙasa na sama kuwa yana wucewa abinsa.

Dakta Aminu:
In ƙara a kan na Injiniya: wanda dole ta sa ya taka ruwan ambaliya ya wanke ƙafa da sabulu nan da nan. Fitsarin ɓera yana cikin ruwan, kuma ƙwayar cutar da ke cikinsa tana shiga ta ƙaramin rauni ko tsagewar fata. Bayan ambaliyar Mumbai ta 2005 da ta Manila ta 2009 an samu ɓarkewarta. Zazzaɓi da ciwon sha-raɓa da jan ido mako 1 zuwa 2 bayan taka ruwa, a gaya wa likita maganar ruwan.

Anti Zainab:
Saura takardu da ranar sauka. Fasfo ya zama yana da sauran wata 6 daga ranar shiga, da shafuka 2 da ba a buga komai ba. Biza kuwa a shafin ofishin jakadancin ƙasar ake duba ta, don dokar tana bin fasfon da kake riƙe da shi kuma tana canzawa. Singafo da Maleshiya suna da katin shiga da ake cikewa ta intanet cikin kwana 3 kafin sauka, Tailan ma ta fara nata daga 1 ga Mayu 2025. Dukkansu kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansu ba na gwamnati ba ne. A riƙe tikitin dawowa da adireshin otal a takarda, kada a dogara da waya kaɗai.

Magungunan da mutum yake sha su zauna a kwalinsu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu. Masu ɗauke da codeine ko tramadol da magungunan barci suna buƙatar izini a ƙasashe da dama, Singafo tun kafin tafiya ake neman nata. Sigarin lantarki haramun ne a Singafo da Tailan. Kuma don Allah kada a karɓi saƙon kowa, ko leda ce ƙarama, ko ɗan'uwa ne ya kawo, sai an buɗe an gani da ido. Safarar ƙwaya a Singafo da Indunusiya da Maleshiya hukuncinta yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka samu da jakar shi ake tambaya.

A yi ƙoƙari jirgi ya sauka da rana. A sayi layin waya a filin jirgi, a hau tasi daga layin hukuma ko ta manhaja irin Grab, a gwada lambar mota da ta cikin waya kafin a shiga. Wanda ya tare ka yana "tasi, tasi" a bakin ƙofar fitowa, ka wuce shi. Daga filin jirgin Kuala Lumpur akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum tsakiyar gari cikin kamar rabin awa. A Bankok duk wanda ya ce maka fadar sarki a rufe take yau, bari ya kai ka wani wuri, shagon duwatsun ado zai kai ka. Je ka ƙofar ka gani da idonka. Lambar 'yan sandan baƙi a Tailan 1155, gaggawa a Maleshiya 999, a Indiya 112, a Singafo 999 'yan sanda, 995 motar asibiti. A injin cire kuɗi in ya tambayi da kuɗin wace ƙasa zai yi lissafi, a zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki, canjin da injin yake yi da kansa ya fi tsada.

Malam Habu:
Anti, ki bar ni in ƙara babur, don shi ya fi kwantar da baƙi a asibiti fiye da duk cututtukan da Likita ya lissafa. A Tailan, Maleshiya, Indunusiya, Indiya da Tanzaniya ta hagu ake tuƙi, wanda ya saba da dama ko tsallaka titi zai yi sai ya duba ɓangaren da ba shi ba. Ruwan farko bayan kwanaki ba ruwa yana taso da man da ya zuba a kwalta, titi ya yi santsi kamar sabulu. Kuma yawancin inshora ba ta biyan wanda ya faɗi ba hular kwano ko ba lasisin babur. A bakin teku kuma jar tuta tana nufin kada a shiga, ko ruwan ya yi kwance. In igiyar ruwa ta ja mutum ciki, kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga cikinta.

Ummi:
Anti Zainab, batirin cajin waya fa, a babbar jaka ake sa shi ko a hannu? Kuma idan jirgin farko ya makara saboda ruwa, na biyun ya tashi, wa ke da asara?

Anti Zainab:
A jakar hannu, 'yata, ba a yarda da shi a jakar da ke shiga ƙasan jirgi ba. Iyakarsa 100Wh, mai 20,000mAh wajen 74Wh ne, ya wuce lafiya, amma rubutun ƙarfinsa ya zama ana iya karantawa a jikinsa, in ya goge suna iya karɓewa. Maganar makara kuma ta danganta da yadda aka sayi tikitin. In duka tafiyar tikiti ɗaya ce, kamfanin ne zai sa ki a jirgi na gaba. In daban-daban kika saya, asarar taki ce, don haka da damina ki bar aƙalla awa 4 zuwa 5 tsakaninsu, ki kuma zaɓi jirgin safe, tun hadari bai haɗu ba. Wanda ya je tsibiri ya dawo babban birni kwana ɗaya kafin ranar tashinsa, don jirgin ruwa ne farkon abin da ake dakatarwa idan teku ta tashi.